Kafin ka kori yaron shagonka

Akwai wani Alhaji a bakin layinmu mai sayar da fetur da kananzir a jarka. Yara biyu ya sallama a jere, kuma laifinsu ɗaya: mai sayen kananzir ya zo da magariba, sun zuba masa fetur. Allah ya kiyaye, ba a kai ga gobara ba. Ranar da na tsaya a wajensa sai na ga jarkokin duk rawaya ne, irin na man gyaɗa, an jera su a gindin bango ɗaya, mazurarin ma guda ne. Na ce, "Alhaji, anya laifin yaran nan ne?" Ya harare ni ya ce, "To na wa ne, nawa?"

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a wuraren aikinmu, daga gareji har asibiti: abu ya lalace, a nemi wanda za a yi wa tsawa, a bar aikin yadda yake yana jiran na gaba. Akwai fannin bincike sukutum a kan daidaita aiki da ɗan Adam, kuma daga irin wannan matsala ya samo tushe. A lokacin yaƙin duniya na biyu, matuƙan jirgin yaƙin Amurka samfurin B-17 sun yi ta sauka lafiya, sai kuma su naɗe tayoyin jirgin yana gudu a ƙasa, ya kife da ciki. Kullum sai a rubuta kuskuren matuƙi ne. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya shiga mazaunin matuƙin ya duba, sai ya tarar da makunnin naɗe taya da na ɗage ƙarshen fiffike kamanninsu ɗaya, kuma suna dab da juna. Mutum ya dawo daga doguwar tafiya a gajiye, dole wata rana hannunsa ya kama wanda bai nufa ba. Aka maƙala wa na tayar ɗan zagayen roba mai kamar taya, ɗayan aka ba shi wata siffa dabam, yadda hannu kaɗai zai bambance su ko ido bai kalla ba. Matsalar ta kau, matuƙan kuwa su ne dai na jiya.

Maganin Alhaji bai fi haka ba: jarkar fetur ja, ta kananzir fara, kowacce da gefenta da mazurarinta. Duk inda mutum biyu ko uku suka yi kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, a duba wurin tukuna. Haka a kantin magani, kwalabe biyu masu kama da juna ba sa zama a kanta ɗaya.

Sai batun barci, wanda mu muka mayar da rashinsa jarumtaka. A tasha, direban da ake yabo shi ne wanda zai taso daga Kano ya shiga Legas bai runtsa ba. A 1997 wasu masu bincike biyu a Ostareliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, sun gwada mutane sun ga cewa wanda ya yi awa 17 a farke, saurin hannunsa da idonsa yana komawa kamar na mai giya kashi 0.05 cikin ɗari a jini, wato iyakar da ƙasashe da yawa ke hana tuƙi a kanta. Idan ya kai awa 24, abin ya kusa ninkawa. Ka lissafa: wanda ya tashi sallar asuba ƙarfe biyar, ya wuni yana lodi, kafin ƙarfe goma na dare ya riga ya cika awa 17, kuma a lokacin ne zai kama hanya. Mai motar da ba zai taɓa ba mashayi makullinsa ba, shi ne ke ba wannan.

Abin tsoron shi ne ɗan gyangyaɗin nan na daƙiƙa uku ko huɗu, wanda mai yinsa ma bai san ya yi ba. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, daƙiƙa huɗu ke nan ta share tsawon filin ƙwallo babu mai riƙe da ita. Goro da shayi mai kauri suna ɗan jinkirta barci ne, ba sa biyan bashinsa, tramol kuwa ƙara dagula lissafi yake yi. Abin da ke aiki shi ne a tsaya a kwanta ko na minti ashirin, a guji tsakanin ƙarfe biyu na dare zuwa asuba, a sa direba biyu a doguwar tafiya. A Tarayyar Turai doka ta sa direban babbar mota ya huta minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi. Amma gaskiya wa'azi ga direba kaɗai ba zai yi ba, muddin kuɗin da mai mota ya yanka masa ba ya fita sai ya yi sawu biyu babu hutu. A can gyaran yake.

'Yan dako ma haka. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta sa kilo 23 a matsayin nauyin da yawancin ma'aikata za su iya ɗauka ba tare da cutuwa ba, shi ma sai kayan yana jikin mutum, daidai ƙugu, ba ya murɗa baya, ba ya yi akai-akai. Buhun siminti kilo 50 ne, na masara ya fi haka nesa. Wasu iyayen gida sukan sayo wa yara bel ɗin ɗaure ƙugu su ce an gama, alhali hukumar ta duba bel ɗin tun 1994 ta ce ba ta ga hujjar cewa yana hana ciwon baya ba. Baro da kura sun fi shi amfani, da ɗora kaya a kan katako mai tsayi maimakon ƙasa, da matso da mota bakin sito, da kama buhu mutum biyu.

Mai injin niƙa kuma ya gwada wannan: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye dab da kai ya ji ka, ƙarar ta kai mai kashe ji a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Auduga a kunne ba ta tare wani abin kirki. A sayi abin toshe kunne na gaske, a riƙa musanya yaran da ke bakin inji.

Na ƙarshen ya fi duka wuyar gyara a wajenmu, domin ya taɓa tarbiyya. Mun tashi a kan yaro ba ya musu da babba, kuma abu ne mai kyau a zaure. A bakin aiki yana kisa. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife na Sifaniya, jirage biyu samfurin Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM ɗaya na kamfanin Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Jirgin KLM ya fara gudu, injiniyansa ya tambaya ko jirgin Pan Am ya bar titin. Kyaftin ɗin, wanda babban malamin matuƙa ne a kamfanin, ya amsa da ƙarfi cewa ya bari. Injiniyan bai sake magana ba. Bayan irin waɗannan haɗurra ne kamfanonin jirage suka fara koyar da ƙananan ma'aikata su faɗi abin da suka gani ƙarara, manya kuma su saurara.

Likitoci sun ari dabarar. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar bin diddigin tiyata mai tambayoyi 19, cikinsu har da kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a sa wuƙa, domin wanda ya riga ya buɗe baki sau ɗaya ya fi saurin sake buɗewa. A asibitoci takwas da aka gwada, ciki har da na Ifakara a Tanzaniya, mutuwa bayan tiyata ta sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari. Amma da aka wajabta takardar a lardin Ontario na Kanada, binciken da ya fito a 2014 bai ga wani canjin a zo a gani ba. Ni abin da na ɗauka daga nan shi ne cike takarda dabam, tsayawa a tambayi juna da baki dabam.

A gareji ba sai an buga takarda ba. Kafin a sauke mota daga jak, maigida ya tambaya da babbar murya wa ya ɗaure notin tayar baya, wanda ya ɗaure ya amsa da bakinsa. In ƙaramin yaro ya ce, "Oga, kamar birkin nan bai kama ba," a tashi a taka birkin a gabansa, ko da an tabbata ya kama.