Yadda na canza ƙwan fitilar birki da kaina

Ranar Talata a shataletalen Gawon Nama wani mai babur ya matso ya ce min, "Alhaji, birkinka na dama ba ya kawo wuta." Motar ta Jamus ce, mai ƙofa biyu, kuma ba na son kowa ya taɓa mata waya.

Na fara duba fis, lafiya lau. Na zargi makunnin da ke saman fedar birki, amma tunda na hagu yana kamawa, ba shi ba ne.

Da yamma na kashe mota, na zare makulli, na kwance sukurori biyu da ke riƙe da gidan fitilar, na jawo shi a hankali da tsumma a ƙarƙashi saboda fenti. Ƙwan ya yi baƙi, zarensa ɗaya ya tsinke. Da na zo sa sabon ƙwan, a nan na gane kuskurena: mai lamba P21W na sayo, mai zare ɗaya, alhali ramin na P21/5W ne, mai zare biyu, wanda ƙusoshinsa ba su daidaita ba. Shi ya sa ya ƙi zama. Na koma kasuwa na canzo, na danna shi ciki, na murɗa dama kaɗan.

Ɗana ya taka birki, wuta ta kama jawur. Alhamdulillahi, Allah ya saka wa mai babur ɗin nan da alheri.