Maganin hazon gilashin nutso

Salamu alaikum 'yan uwa masu nutso na Yauri da Argungu.

Kada ku ɓata kuɗi kan maganin fesawa mai hana gilashin nutso yin hazo. Shamfu na jarirai ya wadatar.

Ɗigo ɗaya a cikin gilashin tun yana bushe. Ku murza da yatsa, ku ɗauraye sama-sama, ku saka.

Hazon nan tururin fuskarku ne yake haɗuwa da gilashi mai sanyi, ya zama ƙananan ɗigon ruwa. Sabulun yana hana su dunƙulewa, sai su shimfiɗe, ido ya ga waje tar. Na jarirai na ce domin ba ya yaji a ido.

Sabon gilashi kuma yana zuwa da wani maiƙo daga masana'anta. Ku fara goge shi da farin man goge baki, sau biyu ko uku.

Wanda Allah ya nufa da nutso da tukunyar iska a teku, wannan ya fi shafarsa. A tsibiran Poor Knights na Niyuzilan, da aka killace ruwansu domin kare halittun teku tun 1981, wasu kifaye masu faɗi kamar faifai suna taruwa lokacin zafi. Abin takaici ne ka biya kuɗin jirgi hazo ya hana ka ganinsu.

Amma in gilashin na roba ne, man goge baki zai karce shi. In kuna fitar da numfashi ta hanci, ko kun ɗauraye sabulun tas, hazon zai dawo.