Yadda Ake Haɗa Maɓallin Menu Guda Ɗaya Da Zai Yi Maka Aiki A Kowane Shafi

'Yan sandunan nan guda uku da kake gani a saman shafi in ka buɗe da waya, ka danna menu ya fito ka sake dannawa ya koma, sun daɗe fa, Norm Cox ne ya zana su wa kwamfutar Xerox Star da ta fito a 1981. Abin da yake damuna shi ne mutum ya zauna yana rubuta sabo a kowane aiki, alhali sau ɗaya za ka haɗa mai kyau ka dinga ɗauka kana sakawa.

Da farko don Allah ka yi amfani da `button` na gaskiya a HTML ɗinka, kar ka ɗauko `div` ka yi masa kwalliya. Shi `button` da kansa yake amsa Tab da Enter da Space a kibod, kuma manhajar da take karanta wa makafi allo ta san shi:

`<button class="maballi" aria-expanded="false" aria-controls="babban-menu" aria-label="Menu"><span></span></button>`

Shi kuma menu ɗin ka ba shi `id="babban-menu"` ka sa masa `hidden` don ya fara a ɓoye.

Sai JavaScript, kuma nan ne sirrin yake. Kar ka ajiye labarin a buɗe yake ko a rufe a wurare biyu ko uku, ka bar `aria-expanded` shi kaɗai ya riƙe, kowa ya duba can:

```
document.querySelectorAll('.maballi').forEach(m => {
  m.addEventListener('click', () => {
    const aBude = m.getAttribute('aria-expanded') === 'true';
    m.setAttribute('aria-expanded', !aBude);
    document.getElementById(m.getAttribute('aria-controls')).hidden = aBude;
  });
});
```

Ka ga ko maɓallai goma ne a shafin kowanne nasa menu zai nema ta hanyar `aria-controls`, ba sai ka taɓa kod ɗin ba.

Akwai abin da ya taɓa cinye min dare guda. Ina dannawa menu ya ƙi ɓacewa, na duba kod sama da ƙasa komai daidai, ashe `display:flex` da na sa wa menu ɗin a CSS ne ya fi ƙarfin `hidden`. To ka rubuta shi a `#babban-menu:not([hidden])` ka huta. Kuma wannan halin na `display:flex` zai maka amfani a babban allo, a cikin `@media (min-width:768px)` sai ka ɓoye maɓallin ka ba menu `display:flex` kai tsaye, zai fito ko da `hidden` na jikinsa.

Yanzu kwalliya. Wancan `span` ɗin shi ne sandar tsakiya, ta sama da ta ƙasa kuma `::before` da `::after` ɗinsa ne a CSS. Kalarsu ka sa `currentColor`, duk inda ka kai maɓallin kalar da ka ba shi da `color` za su ɗauka, ko bango baƙi ne ko fari. Girman kuma ka ajiye shi a `--girma:44px` yadda wani aikin layi ɗaya kawai za ka canza. Ni ba na yin ƙasa da 44, shi ne ma abin da Apple suke ba da shawara, don babban yatsa ba ya samun ƙaramin abu, mutum yana tafe yana riƙe da waya da hannu ɗaya sai ya yi ta dungurar gefe.

In kana so ya rikiɗe ya koma X, a ƙarƙashin `.maballi[aria-expanded="true"]` ka mayar da bangon sandar tsakiya `transparent`, sauran biyun ka dawo da su tsakiya ka juya ɗaya `45deg` ɗaya `-45deg`, da `transition` na `0.2s`. Wasu motsi yana sa su jiri, ka kashe musu shi da `prefers-reduced-motion`.

Zoben nan da yake zagaye maɓalli in an iso kansa da Tab kar ka goge shi wai don ya yi muni, ka gyara shi da `:focus-visible`, mai kibod da shi yake gane inda yake. Ka ƙara Escape ya dinga rufe menu ya mayar da mutum kan maɓallin. In ka gama ka ture linzamin kwamfutar gefe ka gwada da kibod zalla, sannan ka buɗe a wayarka ka danna da yatsa.