Lalacewar tsakiyar gani ta tsufa: kurakuran da aka fi yi

Idan likita ya haska bayan idon dattijo ya ce ya ga manyan ɗigo-ɗigon rawaya a makula, wato tsakiyar tantanin da ke ɗaukar hoto a can ƙuryar ido, kuma cutar ta kai matsakaicin mataki, yawanci gani bai tafi ba tukuna. Karatu ne ke neman ƙarin haske, da magariba ta kawo jiki kuma fuskoki su yi wuyar ganewa. A wannan gaɓar ake iya kare abin da ya rage, a nan kuma iyayenmu a Bauchi suka fi sakaci.

Wasu suna ɗaukarta yanar ido ce. Yana a gaban ido take, ana cire ta da tiyata. Wannan kuwa a baya take, babu abin cirewa. Ɗiga ruwan ganye ko miƙa ido ga mai aikin gargajiya ƙarin ciwo ne. Sauya tabarau a kasuwar Wunti ma ba ya taɓa ta.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne duba gani da ido biyu a buɗe. Ido mai lafiya yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, har a yi watanni Baba yana cewa lafiya lau, alhali ɗaya ya fara tafiya. Gyaran ba ya cin minti ɗaya. A nemi takardar Amsler a asibitin ido, mai layuka kamar dara da ɗigo a tsakiya. A sa tabaran karatu, a riƙe ta nisan kusan santimita 30 a wuri mai haske, a rufe ido ɗaya da tafin hannu, a kafa wa ɗigon ido. Sannan a sauya. A manna ta inda ake alwala, a duba kullum bayan asuba. Wanda bai samu takardar ba ya gwada da ƙarafan taga ko layin sahu a shimfiɗar masallaci, amma ido ɗaya-ɗaya.

Batun ƙwayoyin bitamin ma akwai ruɗani. Binciken AREDS da aka fitar a Amurka a 2001 ya nuna haɗin bitamin C da E da beta-karotin da zinc yana rage haɗarin kaiwa mataki mai tsanani da kusan kashi 25 cikin ɗari a shekara biyar, ga masu matsakaicin mataki. Bai ce yana dawo da gani ba, don haka kada a daina sha wai ba a ga canji ba. Bincike na biyu, AREDS2 na 2013, ya sa sinadaran lutin da ziyazantin a gurbin beta-karotin, wanda ke ƙara haɗarin sankarar huhu ga masu shan sigari da waɗanda suka taɓa sha. A karanta jikin kwalba tare da likita. Ba kowane bitamin na kemis ba ne wannan haɗin. Sigari kuwa barinta ya fi kowace ƙwaya. Alayyahu, zogale, ƙwai da kifi su yawaita a tukunya, a kuma lura da hawan jini.

Ranar da layi ya lanƙwashe, ko wani duhu ya zauna a tsakiyar abin da ake kallo, ba a jiran ranar da aka rubuta a kati. Wataƙila sababbin jijiyoyin jini ne suka tsiro ƙarƙashin makula suna yoyo, kuma wannan nau'in yana iya cin gani cikin makonni. Akwai allurar da ake yi a ido, irin su Avastin da Lucentis, tana tsayar da yoyon, amma ba ta gyara tabon da ya riga ya zauna. A tafi sashen ido na Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa a ranar ko washegari, a faɗa musu ƙarara: "Layi ya fara lanƙwashewa a idon dama tun jiya."