Babi na 6: Shayin kayan ƙamshi da haɗin 'ya'yan itatuwa

Iyayena da yayyena, sannunku da ƙoƙari. Wannan babin a gaban murhu za mu yi shi, saboda haka kar a bar littafin a cikin jaka. Amma ku fara karanta darasin gaba ɗaya kuna zaune tukunna kafin ku kunna wuta, ko da baƙi ɗaya-ɗaya kuke haɗawa babu komai, ba wanda yake kora ku.

Darasi na 1: Awo

Cokali iri biyu ne a littafin nan. In kun ga "ƙaramin cokali" to cokalin shayi kenan, yana cin mililita 5. In kun ga "babban cokali" wannan na cin abinci ne, mililita 15, wato ƙarami sau 3 shine babba ɗaya. Ku sa yatsa a ƙarƙashin kalmar ku duba da kyau, ƙaramin ya fara da ƙ mai lanƙwasa, babban ya fara da b. Kuma duk awon da na faɗa a shafe ne, banda tozo, ku ɗebo ku shafe saman da bayan wuƙa. Kofi kuma matsakaici nake nufi, mai cin kamar mililita 250, kuma kofin da kuka fara awo da shi da shi za ku gama.

Sai wannan alamar: ½, wani lokacin a rubuta ta 1/2. Sunanta rabi. Ba sha biyu bace, ba kuma ɗaya da biyu ba. Wannan kuma ¼ kwata ce, rabin rabi kenan. Ku rubuta kowacce sau biyar a littafin rubutunku kuna faɗan sunanta da baki.

Darasi na 2: Shayin citta da kanumfari (na mutum 2)

Kayan da za ku tanada: ruwa kofi 3, ɗanyar citta kamar tsawon gaɓar babban yatsa, kanumfari ƙwaya 3, kirfa guntun sanda ɗaya, ganyen shayi ƙaramin cokali 2 ko na jaka mai zare guda 2, sai sukari ko zuma daidai bakinku. In ɗanyar citta bata samu ba garinta ma yayi, amma ƙaramin cokali ½ kawai, don busasshiya tafi ɗanya yaji. Kun ga ½ ɗinmu ta dawo ko? Rabi.

Kanumfarin nan ƙwaya 3 nace, ku ƙirga su a tafin hannu, ɗaya biyu uku. Ƙarami ne a ido amma ƙarfinsa yafi na duk sauran, in yayi yawa shi kaɗai za ku ji a kofin kuma har harshe sai yayi nauyi.

Ku wanke cittar, ku kankare bayanta da bakin cokali, ba sai da wuƙa ba, fatar siririya ce tana fita da sauƙi. Ku ɗan daddaka ta ko ku yanka siriri siriri. Kanumfarin da kirfar ma a ɗan ƙwanƙwasa su su fashe, ba a mayar dasu gari ba. Ku zuba ruwan a tukunya, ku zuba citta da kanumfari da kirfa tun ruwan yana da sanyi, sannan ku ɗora a wuta.

Ganyen shayi fa? Ku barshi a gefe. Bai shiga ba tukunna.

To nan ne wurin da nake so ku nutsu sosai, domin a nan mafi yawan ɗalibai suke tuntuɓe. Idan ruwan ya tafasa, wato kun ga manyan kumfa suna tasowa suna fashewa, sai ku rage wuta. Mai gas ya murɗa zuwa ƙasa, mai risho ya rage lagwani, mai gawayi ya kwashe wasu garwashin, mai icce ya janye icce ɗaya ko biyu. Ku rufe tukunyar ku barta tana ɗan motsi a hankali, ƙananan kumfa a gefe gefe, har minti 10. Ga yadda za ku gane minti 10: a agogon bango dogon hannun nan in ya tashi daga wata lamba ya wuce lamba biyu, misali daga 12 zuwa 2, ko daga 4 zuwa 6, minti 10 kenan don kowace lamba minti 5 ce. In a waya kuke dubawa kuma kun ga 4:10, to sai ta nuna 4:20.

Minti 10 ya cika, ku sauke tukunyar ko ku kashe wutar. Yanzu ne, sai yanzu, ganyen shayi zai shiga. Ku zuba, ku mayar da murfi, ku jira minti 3 zuwa 5, ku tace da matata a cikin kofi, ku sa sukari ko zuma.

Bari in sake faɗa. Kayan ƙamshi su ake dafawa, ganyen shayi jiƙa shi ake yi. Citta saiwa ce, kirfa ɓawon itace ce, kanumfari busasshen tohon fure ne, duk masu tauri ne sai sun daɗe a ruwan zafi suke sakin abinda ke cikinsu. Shi kuwa ganye ɗan lokaci kaɗan ya ishe shi, in ya daɗe yana ɓararraka a wuta sai ya saki bauri, shayin yayi baƙi ƙirin ya riƙa kama harshe, daga nan mutum ya hau loda sukari yana neman gyara kuma ba zai gyaru ba, sai dai a sha zaƙi da ɗaci tare.

Ku karanta wannan da ƙarfi, kowa da bakinsa:

Kayan ƙamshi da farko. A rage wuta. A rufe. Minti 10. A sauke. Sannan ganyen shayi.

Ku sake karantawa. Madalla. Wanda ya iya layin nan ya iya darasin, kuma in na farko bai yi daɗi ba kar ranku ya ɓaci, gobe ma rana ce, hannu yana sabawa.

Amma dan Allah akwai abinda yake damuna. Nasan da yawanku shekara da shekaru kuna dafa shayi tun kafin ku fara riƙe biro, kuma ban raina wannan ba ko kaɗan. Sai dai a aji ina kallo, littafi a buɗe a gabanku, layin a rubuce ɓaro ɓaro, amma hannu ya riga ido, an watsa ganyen tare da citta tun ruwa bai yi ɗumi ba. In na tambaya sai ace ai haka muka saba. To in abinda aka saba kawai za a yi, me ya kawo mu aji, me yasa kuka bar sana'arku kuka zo kuka zauna a benci? Karatun da muke koya amfaninsa kenan, ka duba takarda ka aikata abinda tace, yau shayi ne gobe takardar magani ce da aka rubuta ½ a jikinta. Kar in sake ganin ganye a tukunya tana kan wuta. A sauke tukunna.

Murfin ma ba ado bane. Ƙamshin nan da kuke ji ya cika ɗaki, daga tukunyarku ya gudu. Ku rufe ya zauna a ciki.

Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci: ba a ba jaririn da bai kai shekara 1 ba zuma, ko ɗigo, ko a cikin ruwan ɗumi, tana iya jawo masa ciwo mai haɗari.

Darasi na 3: Mai madara da mai lemon tsami

Hanyar ɗaya ce da ta darasi na 2, kayan ƙamshi da farko, a rage wuta, a rufe, minti 10, a sauke, sannan ganye. Bayan kun tace sai ku zuba madara, ta ruwa kofi ½ ko ta gari babban cokali 2 a kowane kofi, ita ta garin a fara dama ta da ɗan ruwan ɗumi don kar tayi gudaji.

In lemon tsami kuke so, ku matse rabin guda a kofi bayan an tace, banda a tukunya. Amma ku zaɓi ɗaya, ko madara ko lemon tsami. In suka haɗu tsamin zai tsinka madarar ta zama gudaji gudaji a saman kofi. Wanda baya son ganyen shayi sam, ko zai ba yara da dare, ya tsaya a kan ruwan kayan ƙamshin kawai, ya tace ya sa zuma da lemon tsami, shima abin sha ne mai daɗi musamman lokacin sanyi.

Darasi na 4: Haɗin 'ya'yan itatuwa

Wannan babu wuta. Ku wanke hannu da sabulu, ku wanke wuƙa da faranti, kuma kar a yi amfani da katakon da aka yanka ɗanyen nama a kai. 'Ya'yan itatuwan a wanke su kafin a fere, har da kankana da abarba da ba a cin bayansu, saboda wuƙa tana ɗaukar dattin baya ta shiga dashi ciki.

Ayaba 2, mangwaro 1, kankana yanka ɗaya, lemon zaƙi 1. Ku yayyanka ƙanana daidai loma, ku cire ƙwallaye, ku matse lemon zaƙin a kai. Ayaba a ƙarshe ake yanka ta don tana saurin yin baƙi in iska ta taɓa ta, haka ma tuffa, ɗan ruwan lemon tsami yana rage wannan. In kuna so ku barbaɗa garin kirfa ƙaramin cokali ¼. Kwata.

Ɗanyar abarba da gwanda in aka zuba musu madara aka ajiye suna sa ta ɗaci, to in za a sa madara a sa lokacin da za a ci. Kuma in babu firji kar haɗin ya wuce awa 2 a ajiye.

Darasi na 5: Dafaffiyar tuffa da kirfa

Tuffa 2 a fere a yanka, ruwa kofi ½, sukari babban cokali 1, kirfa guntu ɗaya. A ɗora, in ya tafasa a rage wuta, a rufe, minti 10 zuwa 15 har tayi laushi. A cire kirfar. Ana ci da ɗumi ko da sanyi.

Darasi na 6: Ayaba da zuma

A ɓare ayaba, a yanka, a sa zuma ƙaramin cokali 1 da ɗan lemon tsami.

Aikin gida: ku kwafe layin nan na darasi na 2 sau uku, ku dafa shayin a gida, ku rubuta lokacin da kuka rage wuta da lokacin da kuka sauke, ku zo da littafin ranar aji.