Idan motarka ta yi ajalin mutum: abin yi da hukuncin da ke gaba

Direbobi da dama suna ɗauka cewa tunda ba da gangan ba ne, da zarar dangin mamaci sun ce "mun yafe, ƙaddara ce" shi ke nan magana ta mutu. A dokar Najeriya ba haka take ba. Ƙarar kisa ta gwamnati ce, kuma babban lauyan gwamnati ne ke da ikon janye ta daga kotu.

Abu na farko, ka tsaya. Kunna fitilun gargaɗi, ka kira 122 na hukumar kiyaye haɗurra ko 112, a garzaya da wanda aka buge asibiti ko da ana ganin rai ya yi halinsa. In jama'a sun taso da duwatsu da sanduna, ka tsira da ranka, amma ka zarce ofishin 'yan sanda mafi kusa ka kai kanka. Wanda ya wuce gida ya kwana ya zama mai gudu, kuma wannan laifi ne na daban da zai ɓata masa duk wata hujja.

Kada a matsar da motar sai 'yan sandan sashen haɗurra sun zana taswirar wurin. Suna auna tsawon sawun taya a kan kwalta, da inda gilashi ya tarwatse, da inda mamacin ya faɗi. Ka duba zanen da kyau kafin ka sa hannu, don shi ne zai yi magana a kotu bayan shaidu sun watse. Daga nan jami'in VIO, wato mai duba lafiyar motoci, zai gwada birki da sitiyari da tayoyi. Kada ka ba da bayani a rubuce sai lauyanka yana wurin.

Hukuncin ya danganta da tuhumar. Dokar hukumar kiyaye haɗurra ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 ga wanda tuƙin gangancinsa ya kashe mutum. In kuwa aka bi ta kundin hukunta laifuka na Arewa (Penal Code), sashe na 222 da na 224, kisa ta hanyar sakaci yana iya kai ga ɗaurin rai da rai, ko ƙasa da haka, ko tara. Abin da mai gabatar da ƙara zai tabbatar shi ne ganganci: gudu fiye da kilomita 50 a awa a cikin gari, tsere a kan kwana, waya a kunne, maye, ko taya suɗaɗɗiya da aka san da ita aka hau hanya.

Ga Musulmi akwai wani haƙƙin da kotu ba ta ɗauke shi. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure. Diyya raƙuma 100 ce ko dinari 1,000 na zinare, dangin direba na wajen uba ke haɗawa, kuma magada suna iya yafe ta. Azumin wata biyu a jere kuwa yana wuyan direban, babu mai yafe masa.

In za a yi sulhu, a tura dattawa ta'aziyya tukuna, kada a fara da maganar kuɗi a zaman makoki. A rubuta yarjejeniyar, magada na ainihi su sa hannu gaban shaidu, lauya ya miƙa wa kotu. Ka kuma sanar da kamfanin inshorarka da wuri. Takardar bogi da ake saya a bakin tasha ba ta biyan ko kwabo.