Yadda ake shirya yawon buɗe ido na yini ɗaya daga Kano zuwa Zariya, a ga birni a ga tsohon layin dogo

Tsakanin Kano da Zariya kilomita 150 ne da 'yan kai, tafiyar awa biyu zuwa biyu da rabi a mota idan hanya ta yi kyau. Mutum zai iya yin sammako, ya zaga Birnin Zazzau da tashar jirgin ƙasa, ya dawo gida ya kwana. Sai dai yawancin masu zuwa kallon bango kawai suke yi su ɗauki hoto, domin ba su da wanda zai gaya musu abin da suke gani. Shi ya sa shirin yake farawa da neman mutum, ba da neman mota ba.

Mataki na farko, ka samo ɗan jagora, kuma ya kasance ɗan gari. A gaskiya mutum biyu kake buƙata. Na cikin birni, wanda dogarai suka san fuskarsa, ya san gidan da ake sallama a shiga da wanda ake wucewa. Malamai da ɗaliban sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru za su iya haɗa ka da irinsa. Na biyun kuwa tsohon ma'aikacin reluwe ne, kuma a Sabon Gari ake samun su, unguwar da ta tashi saboda jirgin tun farko. Dattijon da ya yi aiki a kan layi zai nuna maka inda ake sauya wa jirgi hanya, ya faɗa maka aikin kowane ƙarfe da ke kwance cikin ciyawa. Ku yi magana a waya mako guda kafin tafiya, ku daidaita abin da za a ba shi. Kada ka bar maganar a kan "duk abin da Allah ya hore", domin nan ake ɓata wa juna rai da yamma.

Sai mota. Ku yi shatar bas ƙarama idan kun kai goma, ko mota mai cin mutum huɗu idan iyali ne. A yi ciniki a fili: kuɗin mai a kan wa, direba zai jira a kowane wuri, ƙarfe nawa za a juyo. Ba da kafin alƙalami, ragowar sai an dawo. Duba taya da safaya da idonka.

Zaɓi rana tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da rana ba ta dukan mutum kuma ciyawa ta bushe, ragowar ganuwa ta fito fili. Guji Juma'a, domin harabar fada da masallaci cika take yi da masallata. Tun kafin ranar, a nemi izinin shugabannin tashoshin jirgi na Kano da Zariya. Tasha wurin gwamnati ce ƙarƙashin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, ba a shiga ana ɗaukar hoto haka kawai.

Ranar tafiya, ku fara da tashar Kano da misalin ƙarfe bakwai, rabin awa ya isa. Nan layin da aka faro daga Baro, a bakin kogin Neja, ya iso a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. Turawa auduga suka sa wa rai, amma manoman ƙasar Kano gyaɗa suka kawo, har buhuna suka fi ƙarfin taragu aka riƙa jera su dala-dala suna jiran jirgi. A wannan ciniki Alhassan Ɗantata ya yi suna. Ka sa yara su auna tsakanin ƙarafan layin biyu: ƙafa 3 da inci 6 ne, ƙunci idan aka gwada da sabon layin zamani mai ƙafa 4 da inci 8 da rabi.

Daga nan ku kama hanya ta Kura da Kwanar Ɗangora. Ku karya kumallo a mota.

A Zariya ku fara da birni tun da sauran sanyin safiya. Ku shiga ta Ƙofar Doka, ɗan jagora ya nuna muku abin da ya rage na ganuwa, wadda tarihin baka ke danganta irinta da Sarauniya Amina. Ku gaida dogarai a ƙofar fadar Sarkin Zazzau, ku tsaya inda aka ce ku tsaya. Amma inda ya kamata ku daɗe shi ne tsohon Masallacin Juma'a da ke kusa da fada, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya hau mulki a 1834. Daga waje ba za ka gane komai ba, domin ginin zamani ya lulluɓe shi. Sai ka cire takalmi ka shiga, idonka ya saba da duhu, sannan ka ɗaga kai. Ginshiƙai masu kauri na ƙasa ne, an yi musu zane mai tudu da kwari, daga jikinsu bakan gizo ya tashi ya lanƙwasa ya haɗu da ɗan'uwansa ya ɗauki tulluwa. Babu siminti, babu rodi: tubali ne da azara, wato katakon giginya da gara ba ta ci. Ka tambayi ɗan jagora yadda ake ɗaure azara gaɓa-gaɓa har ta yi baka. A ganina, ko wannan kaɗai aka gani kuɗin mai bai tafi a banza ba. Ku je tsakanin salloli, cikin shiga ta mutunci, ku nemi izini kafin hoto.

Bayan azahar da abinci, ku bi ta Tudun Wada, ku leƙa Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, tsohon gidan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, sannan ku zarce tasha a Sabon Gari. Zariya mahaɗa ce. Daga nan layi ya ɓalle ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Daga nan kuma wani siririn layi mai faɗin ƙafa 2 da inci 6 ya taɓa hawa tsaunin Jos domin kwaso kuza. Ya kai Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957. Matasa kaɗan ne suka san an taɓa yinsa. Ka bar dattijon reluwe ya yi magana, kada ka katse shi da gaggawa, kuma ka ɗauki muryarsa a waya idan ya yarda. Yara kada su hau tsofaffin taragu, ƙarfe mai tsatsa yanka yake yi.

Wusasa, da cocinta na ƙasa na 1929, da dutsen Kufena, ku bar su sai wani zuwan. Cusa su cikin yini ɗaya gudu ne kawai.

Da an yi la'asar, a sallami 'yan jagora da abin da aka yi alkawari, a ƙara musu na goro idan sun kyauta, a karɓi lambarsu saboda masu zuwa a baya. Kafin ƙarfe huɗu mota ta tashi, domin a shiga Kano kafin duhu. Tafiyar dare a wannan hanya ba ta cikin shirin.